Jarrabawar Ranar Shuka

'Yan shekaru bayan samun mulkin kai aka tura ni koyarwa wani ƙauye da ke bayan Allakai, a ƙasar Buza. Ni ɗan Tamaske ne, a lokacin shekaruna ashirin da ɗan kai, kuma duk abin da na mallaka bai wuce akwatin ƙarfe da tabarma da wando biyu ba. Muƙamina monita, wato ƙaramin malamin da ba a riga an tabbatar da shi a aiki ba. Yau yana nan, gobe ana iya cewa ya naɗe tabarmarsa.

Lakwal ɗin kuwa, wato makarantar, rumfa ce ta kara da zana, kusa da wani babban gawo a bakin gari. Allonmu katako ne da aka shafa wa baƙin fenti, an jingine shi da itace biyu. Kowane yaro yana da dutsen da ya ɗauko daga tudu ya mai da shi kujerarsa, kuma ba a zama kan dutsen wani sai an yi faɗa. Rabin garin Hausawa ne manoma. Sauran kuwa mutane ne da kakanninsu suka zauna ƙarƙashin Abzinawa, suna noma suna kiwo, Buzanci a gida, Hausa a kasuwa. Yaransu sukan zo mini da harshe biyu, ni kuma an aiko ni in ɗora musu na uku. Doka ta ce ba a Hausa a cikin aji, balle Buzanci. Nakan bi dokar gwargwadon iyawa, amma in na ga idon yaro ya yi fari-fari bai gane komai ba, sai in sassauta murya in jefa masa kalma ɗaya ta gida, ya kama, mu ci gaba.

Wurin wata tsohuwa aka sauke ni. Mijinta ya rasu, ɗanta ya tafi kurmi, can kudu, cin rani bai dawo ba, sai ta ba ni ɗakinsa. Inna nake ce mata. Ita kuma Mushe take kirana, yadda ake kiran malamin lakwal, kamar kowa a garin, sai in na bar tuwo a kwano, nan take nakan koma "ɗan nan".

Kafin a tabbatar da monita sai ya ci jarrabawa mai kashi biyu. Ta rubutu na je Tawa na yi, Allah ya taimake ni na ci. Saura ta aji: anspekta, wato babban mai duba malamai, zai zo da wasu manyan malamai biyu, su zauna su kalle ka kana koyarwa, su ba ka maki bisa ashirin. In ba ka kai goma ba ka faɗi, kuma ta rubutun ma da ka ci ta rushe, sai ka sake daga farko. An ce mana zai zagayo kafin babban hutu, amma ba a faɗi rana ba. Na shirya yara iya shiri. Manyan cikinsu suna karatu ba gargada, suna lissafi da ka, har akwai waƙar Faransanci da suka iya rerawa da murya biyu. Kullum da safe muna share rumfa mu yayyafa ruwa, kunnena yana kan hanya.

Shekarar nan ruwa ya yi jinkiri. Mutane sun gyara gonaki sun zauna suna kallon gabas. Ran nan da la'asar hadari ya haɗu ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe zana ɗaya ta rumfarmu, sannan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Duk wanda ya tashi a Adar ya san abin da ruwan farko yake nufi. Ƙasarmu duwatsu ce da fako, laima ba ta daɗewa. Wanda bai yi shuka washegari ba, sai ya jira wani ruwan da ba wanda ya san ranar zuwansa.

Da gari ya waye, kafin in gama alwala garin ya watse. Babba yana gaba yana sara da sungumi, yaro yana biye yana zuba iri yana rufewa da ƙafa. Ita kanta Inna ta ɗauki ƙwaryar irinta ta fita. Na je rumfa na tarar da 'yan ƙanana kaɗan, waɗanda aka sa lakwal a shekarar, waɗanda ko a gona ba su da amfani sai ɓarnar iri. Na mai da zanar da iska ta cire, ina tunanin in sallame su in bi Inna in taya ta. Ina cikin wannan tunani, da hantsi, sai na ji ƙugin mota.

Masu jarrabawa ne. Motar ta kafe musu a ƙorama tun da safe, sai da suka sha turi. Anspekta ya fito wandonsa duk taɓo har gwiwa, fuskarsa a murtuke. Dogon mutum ne, ɗan yamma daga wajen kogi, mai tabarau. Tare da shi akwai tsohon diraktan lakwal na Buza, wato shugabanta, wanda na sani, da wani malami da ban taɓa gani ba, wanda har suka tafi ban ji muryarsa ba.

Motar ƙarshe da ta shigo garin kafin wannan, ta masu allura ce. Saboda haka yara na ganin baƙi sun nufo rumfa, biyu suka tsallake zana suka ranta a na kare. Sauran suka ƙame kan duwatsunsu, wata ta fara shessheƙa.

Anspekta ya dubi duwatsun da ba kowa a kansu, ya dube ni. Da Faransanci ya tambaye ni, "Ina ɗalibanka?"

Na ce, "Sun tafi shuka, ranka ya daɗe. Jiya aka yi ruwan farko."

Ya ce, "Yau ranar hutu ce?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To, fara."

Na fara darasin karatu. Na rubuta baƙaƙe a allo, na nuna, na kira yaro. Shiru. Na kira wani, ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsun ƙafarsa. Yaran da jiya-jiya suke rige-rigen ɗaga hannu, yau ko sunansu aka tambaye su ba za su faɗa ba. Da mai shessheƙar nan ta ɓarke da kuka sosai, ban san sa'ad da na durƙusa gabanta na ce mata da Hausa, "Yi shiru, ba allura ba ce, baƙina ne," ba. Na ɗago kai na ga anspekta yana rubutu.

Ba su daɗe ba. Suka koma gindin gawo suka yi shawara, aka kira ni. Ya ce aji babu ɗalibai a ranar aiki, waɗanda ke nan ba su iya komai ba, malami kuma yana yaren gida a gaban masu jarrabawa. Takwas bisa ashirin. Tsohon dirakta bai yarda mun haɗa ido ba. Suka shiga mota suka tafi, 'yan gudun nan biyu suka leƙo daga bayan rumbu suna tambaya ko masu allura sun wuce.

Da yamma Inna ta dawo, ƙafafunta duk laka, tana ta murna ta gama gonar bayan gida. Ta aje mini tuwo, na kasa ci. Da ta matsa na gaya mata abin da ya faru. Ta dube ni ta ce, "Shi mutumen ga, ba ya cin hatsi?"

Na ce yana ci.

Ta ce, "To mi ya sa shina mamakin an tahi shuka? Ci tuwonka, ɗan nan."

Mai gari ma ya zo washegari, shi da limami, suka zauna bakin zaure suka yi mini jaje kamar an yi rasuwa. Mai gari ya ce, "Mushe, mun ba ka kunya gaban manyanka. Da mun san suna tahe..." Sai ya tsaya, ya shafa gemu, ya ce, "Kai, gaskiya ko mun sani, da wuya mu bar shuka. Amma da mun bar maka rabi." Duk da baƙin cikin da nake ciki sai da na yi dariya.

A kwanakin da suka biyo baya na yi ta saƙe-saƙe. Sa'o'ina na Tamaske da yawa suna kurmi, suna dawowa da rediyo da keke. Na ce a raina, me ya haɗa ni da rumfar kara? Abin da ya fi ci mini rai ba faɗuwar ba ce. Na san yarana sun iya, na san abin da muka sha kafin su iya, ga shi an rubuta a takarda cewa ba su san komai ba, kuma takardar nan za ta je har Yamai.

Ranar kasuwar Buza na ari jaki na tafi wurin tsohon dirakta. Na same shi a gida yana gyaran shingen tumaki. Muka gaisa, ya sa aka kawo mini fura. Ban iya ɓoye fushina ba, na ce, "Baba, kun san aikina. Kun zo kun gani da idonku a bara. Me ya sa ba ku ce komai ba?"

Ya ce, "Na ce. A gindin itacen na ce, a cikin mota na ƙara. Amma muryata ɗaya ce, kuma mutum ya sha turin mota tun asuba." Ya kurɓi fura, ya ce, "Akwai hanya, in kana da zuciyar binta. Doka ta yarda wanda bai gamsu da makinsa ba ya roƙi a sake dubawa. Sai dai roƙon ta hannun shi anspektan zai bi kafin ya kai Tawa. Tun da nake aiki ban ga wanda ya gwada ba a ƙasar nan. Kowa na tsoron a ce masa mai taurin kai, a jefa shi inda ko rijiya babu."

Na ce, "Ai ko yanzu ina inda mota ke kafewa."

Ya yi murmushi. Ya ce, "To ka saurara. In ka je, kada ka ce ya zalunce ka, don bai zalunce ka ba. Abin da ya gani ya auna. Kada kuma ka roƙi ya ƙara maka maki, ba sadaka ka je nema ba. Ka roƙi abu ɗaya: ya dawo ya ga ajin."

A nan gidansa na rubuta roƙon, ya gyara mini wurare biyu inda zafin rai ya fito fili. Da aka yi hutu na kama hanyar Madawa, inda ofishin anspekta yake. Damina ta kankama, hanya ta lalace. Da ƙafa na kai Galma tare da wasu masu kai awaki kasuwa, daga can na samu kamiyo, wato babbar motar kaya, na hau bisa buhuna. Duk tsawon hanya ina maimaita abin da zan faɗa, ina gyarawa, har wani tsoho da ke kusa da ni ya tambaye ni ko wuridi nake yi.

Na zauna a barandar ofis tun safe har rana ta take. Da aka shigar da ni, ya gane ni nan da nan. Ya karɓi takardar ya karanta a tsaye, ya aje ta, ya cire tabarau.

Ya ce, "Kana nufin ban iya aikina ba?"

Na tuna da maganar tsohon dirakta. Na ce, "A'a, ranka ya daɗe. Abin da kuka rubuta duk gaskiya ne. Aji ba kowa, yara ba su amsa ba, na kuma yi Hausa. Ko ni ne a kujerarku, abin da zan bayar ke nan."

"To me ya kawo ka?"

Na ce, "Ajin da nake koyarwa ba ku gan shi ba. Yana gona ran nan. Ina roƙo ku zo ku gan shi. In kun gan shi kuka ce takwas, na karɓa, ba za ku ƙara jin bakina ba."

Ya ce, "Malami nagari yana riƙe ɗalibansa ko ana ruwa ko ana rana. In kowane ƙauye zai rufe lakwal don shuka, don girbi, don biki, yaushe ƙasar nan za ta samu ma'aikata?"

Na ce, "Gaskiya ne. Amma da ƙyar iyayen nan suka ba mu yaran. In na hana su ranar shuka, shekara mai zuwa za a ɓoye mini su a rumbu. Na bar musu rana ɗaya don in samu sauran shekarar."

Ban shirya wannan maganar a bisa kamiyo ba, fitowa kawai ta yi. Anspekta ya mai da tabarau idonsa. Sannan ya tambaye ni garinmu, da inda na yi karatu, da ko ina da mata. Na amsa. Ya ce, "Zan aika da ita Tawa. Zan rubuta nawa ra'ayin a ƙasa, kuma ba zan gaya maka abin da zan rubuta ba. Ka tafi."

Na fito ban san ko na gyara ko na ƙara ɓatawa ba.

A Tamaske na yi hutun. Mahaifina manomi ne mai ɗan fataucin albasa, kuma tun farko ba da son ransa aka kai ni lakwal ba. Da na ba shi labari, ya aje hauyar da yake wasawa ya ce, "Kai ƙarar babba ka yi, wurin shi babban?"

Na ce ba ƙara ba ce, roƙo ne.

Ya ce, "Ka ɗaga mishi murya?"

Na ce a'a.

"Ka yi mishi ƙarya?"

Na ce ko ɗaya.

Ya ce, "To shi ke nan. Abin da ya rage na Allah ne. Gobe muna maimai a gonar fadama, ka tashi da wuri."

Haka na yi damina ina noma. Hannuna da ya saba da alli ya yi kanta, ya fashe, ya warke. Duk ranar kasuwa sai in je wurin da mota ke tsayawa ko an aiko da wani abu, in dawo hannu sake. Abokaina da ke shirin tafiya kurmi bayan girbi suka yi ta zuga ni in bi su. Sau biyu na kusan amsawa. Abin da ya riƙe ni, in faɗi gaskiya, ba wani babban tunani ba ne. Ina so ne kawai in ji amsar, ko wace iri ce.

Hutu ya ƙare ba labari. Na koma ƙauyen, Inna ta tarbe ni da guɗa kamar wanda ya dawo daga Makka. Muka sake rumfa da sabon kara, aka kawo sababbin yara, muka ci gaba. Sai da aka fara yankan hatsi, wani ɗan kasuwa da ya dawo daga Buza ya miƙo mini saƙo daga tsohon dirakta. An amince. Za a sake jarraba ni a aji, ba za a faɗi rana ba, kuma makin da na samu na biyu shi ne zai tsaya. In na sake faɗuwa, ba ni da damar shiga jarrabawar shekara mai zuwa.

Na kai wa mai gari labari. Ya tashi tsaye don murna, ya ce zai sa a yi shela, daga yau yaron da ya taka gona ko ya bi dabba sai ubansa ya amsa kira. Na roƙe shi kada ya yi. Na ce in aka yi haka, ranar da anspekta ya tafi ajin zai watse, kuma iyaye za su tsane ni da gaskiyarsu. Muka zauna da iyayen a ƙofar masallaci muka daidaita: yara su yi aikin gona da shayar da dabbobi da sassafe, in hantsi ya yi su zo lakwal, ni kuma in ƙara musu lokaci da yamma. Wani makiyayi ya ce shi ɗiyarsa ita ke kai awaki rijiya, ba mai canjinta. Maƙwabcinsa ya ce a haɗa da nasa, babban ɗansa ya kai duka. A haka aka tashi. Wannan shiri da aka yi don rana ɗaya, shi muka ci gaba da bi har na bar garin.

Masu jarrabawa sun zo bayan an gama ɗaurin dammuna, ranar da ban zata ba, ina tsakiyar duba ƙumban yara. Anspekta ne da kansa, da wasu malamai biyu daban, ba tsohon dirakta. Wannan karon ba wanda ya gudu, don na sha gaya musu cewa baƙin da za su zo malamaina ne, kamar yadda nake malaminsu. Aji ya cika har wasu na zaune bakin ƙofa. Suka miƙe suka gaishe da baƙi da murya ɗaya. Ta ramukan zana kuwa ina hango idanu: Inna da mata 'yan uwanta sun bar daka sun zo sun tsugunna a baya, maza kuma sun taru nesa kaɗan suna yi kamar hira suke.

Na miƙa masa darasin da na shirya. Ya ture shi gefe ya ce, "Ba wannan ba. Yi mana rabawa, wadda ke da saura."

Ban taɓa koya musu rabawa mai saura ba, sai wata mai zuwa na yi niyya. Na aiki yara biyu suka ɗebo tsakuwa, na ce kowace tsakuwa akuya ce. Muka raba shida tsakanin mutum biyu, muka raba tara tsakanin mutum uku, duk lafiya, hannuwa na tashi ko'ina. Sannan na aje bakwai na kira yara biyu na ce a raba musu. Aka ba wannan uku, aka ba wancan uku, ɗaya ta rage a ƙasa. Na tambaya da Faransanci, "Wannan fa, yaya za mu yi da ita?"

Wani ya ce a yanka. Wani ya ce a ba Mushe. Sai ɗiyar makiyayin nan, yarinya siririya da ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu. Na ba ta dama. Ta buɗe baki, Faransancin ya ƙi zuwa, sai kawai ta zuba da Hausa, "Ba a yanka ta. A bar ta ta haihu, sannan kowa shi samu."

Aji ya fashe da dariya, matan bayan zana ma suka kasa riƙewa. Ni kuwa na tsaya da alli a hannu. Ga yaren gida ya sake fitowa gaban anspekta. In na tsawata mata, na san ba za ta ƙara ɗaga hannu ba har ta bar lakwal. Ban dubi inda baƙi suke ba. Na ce mata da Faransanci amsarta ta yi kyau, amma baƙinmu suna so su ji ta da harshen lakwal, kuma duk aji zai taya ta. Yaya ake cewa akuya? Suka faɗa. Yaya ake cewa a bari? Wani ya faɗa. Haihuwa ce ta gagare su, na ba su kalmar, na rubuta a allo. Yarinyar ta haɗa jimlar guntu-guntu, ta faɗi, ta sake faɗi, a karo na uku ta fito sumul. Sannan na ɗaga tsakuwar na ce, kafin ta haihu, wannan akuyar da ke jira ita ake kira saura. Na rubuta lissafin a allo, muka yi wasu misalai, suka kama shi kamar da ma sun sani.

Bayan haka ya sa manya suka yi karatu, shi ya riƙa zaɓen wanda zai karanta, ya kuma bi layi yana duba rubutunsu. Wani yaro ya yi tuntuɓe a kalma ɗaya ya gyara da kansa. Waƙar nan mai murya biyu da muka sha wahala a kanta, ko tambayarta bai yi ba.

Shawararsu ta daɗe fiye da ta farko. Da aka kira ni, ya fara da laifuffukana. Ina saurin magana. Rubutuna a allo yana gangarawa kamar mai saukowa daga tudu. Na fi kula da yaran gaba, na bar na baya. Kuma har yanzu ana jin yaren gida a ajina, wannan sai ya rubuta shi, don doka ce. Ina tsaye ina cewa to, to. Sannan ya ce, "Goma sha biyu."

Ba maki ne na a zo a gani ba, amma ya isa. Na ci. Ya miƙo mini hannu, kuma a karo na farko ya yi mini Hausa, irin tasu ta mutanen yamma mai ɗan nauyi. Ya ce, "Ka yi daidai da ka zo ofis. Na ga ajin." Ya juya zai shiga mota, sai ga mai gari da zabi biyu a ɗaure da ƙwaryar ƙwai. Anspekta ya ƙi karɓa, mai gari ya ƙi mayarwa, aka yi ta ja-in-ja har direba ya raba gardama, ya karɓi ƙwan ya bar zabin.

Da ƙurar motar ta kwanta na koma rumfa. Yara na zaune tsit kan duwatsunsu, ba wanda ya motsa, abin da ban taɓa gani ba. Babban cikinsu ya miƙe, ya haɗa hannuwa a ƙirji yadda na koya musu, ya tambaya da Faransancinsa mai kyau, "Mushe, mun ci?"

Sai a lokacin na gane cewa su a zatonsu su aka zo jarrabawa. Na ce, "Kun ci."

Ihun da suka yi sai da ya tayar da tsuntsayen da ke kan gawo. Na bar su suka yi mai isarsu. Rana ba ta yi tsaka ba tukuna, ga tsakuwa zube a ƙasa, sai na ce kowa ya ɗebi goma sha ɗaya, a raba wa mutum uku, in ga wanda zai fara gaya mini saura.